Tabon da Ba Ƙwallo Ce Ta Yi Shi Ba

Salamu alaikum. Na san na ɓace muku a shafin nan tun bayan ƙaramar sallah, har wasu na tambayar Yaya Sani, wana da ke karatu a nan, ko aure na yi ban gayyace su ba. Ba aure ba ne. Ciwo na yi, kuma sai yau na ji zan iya ba da labarinsa.

Ga wanda bai sani ba, ni ce gola a ƙungiyar lakuros ta mata a jami'armu a nan Alƙahira. Wasa ne da ake yi da sanda mai 'yar raga a kai, ƙwallon kuwa roba ce mai tauri kamar dutse. Aikina shi ne in tsaya ta same ni.

Muna da wata al'ada. In an tashi atisaye, kowa sai ta naɗe hannun riga ta nuna inda jini ya kwanta mata. Wadda tabonta ya fi girma, sauran su saya mata ruwan rake a bakin titi a Madinat Nasr. A farkon shekarar nan ta 2014 ba wadda ta ƙwace mini kambun. 'Yan Masar ɗin, da yake farare ne, sukan ce, "In har ya fito a fatar Rakiya, to wallahi ta sha duka." Ni kuwa in yi ta hura hanci.

Dasashina ya fara jini in ina goge baki, na ce burushi ne. Haɓo ya zo, na ce zafin Masar ne. Al'ada ta ƙi ɗaukewa, na ce gajiya ce.

Zainabu ce ta gano, 'yar Damagaram da muke ɗaki ɗaya, ita ma tana cikin ƙungiyar. Lokacin jarrabawa ne, an dakatar da atisaye. Ina canja riga ta ce, "Rakiya, wannan tabon na cikinki fa? Nan ai sulke ke rufe shi. Kuma yaushe rabonki da fili?"

Na ce ta ƙyale ni.

Ta ce, "Yalla, sa hijabinki, ko in kira Yaya Sani yanzun nan."

A wani asibiti a Dokki aka ɗebi jinina. Likitar, wata dattijuwa, ta duba sakamakon ta ce, "Ya binti, ƙwayoyin da ke tsayar da zubar jini sun kusa ƙarewa a jikinki. Da ƙwallon nan ta same ki a kai, ko da hular kwano, da ba a nan za mu haɗu ba."

A ranar aka ba ni gado.

Sun huda ƙashin ƙuguna sun ɗebi ɓargo, don su duba ko kansar jini ce. Zafin allurar bai kai zafin jiran sakamako ba. Na ji tsoron mutuwa ƙwarai, na kuma ji tsoron a binne ni inda Umma ba ta san hanya ba. Ba ta sami zuwa ba, sai waya daga Gusau. Kullum maganarta ɗaya: "Ki ci abinci ko ba daɗi, kin ji ko?" Ina jin yadda take haɗiye kuka.

Kuɗin zangon karatun da Baba ya turo duk a gwaje-gwaje suka tafi. Yaya Sani ya ajiye karatunsa na shari'a, kullum yana zaune a kujerar roba a bakin ɗakin mata.

Sakamako ya fito, ba kansa ba ce. Jikina ne yake cinye ƙwayoyin da kansa. Aka ɗora ni a kan magani da ya kumbura mini fuska kamar fanke, ya hana ni barci, ya sa ina faɗa da kowa.

'Yan ƙungiya sun zo dubiya da ruwan rake a leda. Da suka ga hannuwana, ba wadda ta yi wasa. Kyaftin ɗinmu ta fashe da kuka ta ce, "Ke kina ciwo, mu muna yi miki tafi."

A hankali jinin ya daidaita, aka sallame ni, aka rage magani. A zuwana asibiti na ƙarshe na yi tambayar da na daɗe ina ɓoyewa a ciki. Na ce, "Dakta, an kusa fara kakar wasa. Zan koma raga?"

Ta ce, "Gudu, tamam, ba laifi. Raga kuwa, khalas, kin gama da ita. Ciwon nan yana iya dawowa bai yi sallama ba. Ma'alish, sai haƙuri."

A cikin mota na yi kukan da ban yi ba ranar ɓargo. Na san wasu za su ce mutum ya tsira da rai yana kukan ƙwallo. Ku ce. Ragar nan ce kaɗai wurin da ban taɓa jin ni baƙuwa ba ce a garin nan.

Na gode wa Allah da ya bar ni. Na gode wa Umma da Baba, da Yaya Sani, da duk wanda ya sa ni a addu'a. Zainabu kuwa, bakina ya yi kaɗan.

'Yan uwa, duk tabon da ba ku tuna abin da ya jawo shi ba, ku je a gwada jini. Haka jinin dasashi, haka al'adar da ta ƙi tsayawa. Mu masu duhun fata, kafin ya nuna a jikinmu ya yi nisa.

An saka Zainabu a raga bana, don ba wata. Har yanzu runtse ido take in ƙwallo ta taho, ni kuma ina bayan raga ina yi mata tsawa. Jiya ta naɗe hannun riga ta nuna mini tabonta na farko, tana murna. A kan idona ƙwallon ta same ta, amma sai da na sa ta buɗe baki na duba dasashinta.

Sannan na saya mata ruwan rake. Nawa ban iya sha ba.