Ranar Da Aka Kira Ni Ina Banɗaki

Ko zan manta da duk abin da ya same ni a zamana na Madina, ban da yammacin da 'yata ta tsaya gaban ɗaki cike da mata, riƙe da kambi a hannu, tana neman kan da za ta ɗora wa. Shekaru sun ja, yarinyar yanzu har ta fi ni tsawo, amma har gobe ina tuna ranar kamar jiya aka yi.

Bari in fara da ciwon, don in ba a san shi ba, ba za a gane sauran ba. A nan kolon ake ce masa. Ciki ne ke murɗawa kamar ana matse wanki, ya kumbura har siket ya ƙi rufuwa. Wani lokaci in yi kwana uku ban zaga ba, wani lokaci kuma gudawa ta taso babu sallama, ta ba ni minti biyu kacal in sami banɗaki. Bayan haihuwata ta uku ya kama ni. An ɗebi jini, an ɗau hoto, har na'ura aka zura aka leƙa hanjin, aka ce komai lafiya. Likitan ya cire gilashinsa ya ce min hanjina ne mai saurin fushi, in kula da abin da nake ci, in kuma rage damuwa. Na dube shi kawai. Mace mai 'ya'ya uku a ƙasar da ba ta da uwa ba ta da ƙanwa, a ina ake sayar da rage damuwar?

Haka na koma mai zaman lissafin banɗaki. Daga gidanmu a Khalidiyya zuwa Harami babu wanda ban san inda yake ba. Taron iyaye a makaranta na sha ƙin zuwa. Yara su ce a kai su wurin wasa, in ce gobe. Abin da ya fi ciwon ƙona min rai shi ne ba a ganinsa. Da ƙafa ce ta karye, da an kawo min 'ya'yan itace ana sannu. Amma wa zai zauna cikin mutane ya ce zawo ke hana shi fita? Sai na riƙa cewa kaina ke ciwo.

Maigidana mai haɗa magunguna ne, a wani kantin magani yake aiki. Ya san ciwon a takarda fiye da ni. Yakan kawo min ƙwayoyi ya ajiye a kan firji, shi a ganinsa ya gama nasa.

Yana da gwaggo a unguwar Sih. Kakansa ne ya zo aikin hajji tun da daɗewa ya zauna, ya bar ɗa guda a Kano, wato mahaifin maigidana, ita kuma a nan aka haife ta. Hausarta rabi Larabci ce. Ba zan ci amanarta ba, ta yi mana alheri. Da muka zo a gidanta muka sauka, ita ta koya min kasuwa, ita ta yi min wankan jego. Sai dai mace ce da in ta ce abu, to ya zauna, kuma tun ranar farko ta yanke hukunci a kan ciwona. Ta ce dala' ne, wato shagwaɓa.

A shekarar da 'yar farina ta cika goma sha biyu ta kammala haddar Alƙur'ani. Makarantarsu ta shirya walima bayan la'asar a wani zaure, mata zalla. Al'adarsu ita ce kowace yarinya ta yi karatu, a ba ta shahada, wato takardar shaidar kammalawa, sannan a kira uwarta ta hau, yarinyar ta ɗora mata kambi. Wata guda 'yata tana gwada yadda za ta yi, tana ɗora min murfin kwano a ka tana dariya. Ta ce, "Mama, wannan karon za ki zo ko?" Na ce in sha Allahu ko da rarrafe.

Kuma na shirya da gaske. Kwana biyu ban ci komai ba sai farar shinkafa da ruwa. Ban taɓa gahwa ba, ban kalli albasa ba. Na sha maganina a kan lokaci. Ranar na tashi cikina shiru kamar ba nawa ba, har na yi sujada.

Bayan azahar Gwaggo ta iso, ɗanta ya sauke ta don mu tafi tare. Tana riƙe da fulas. Ta dube ni daga sama har ƙasa ta ce, "Wannan wace irin fuska ce, ya binti? Kamar wadda aka sallamo daga asibiti. Haka za ki hau gaban mutane?" Ta buɗe fulas ɗin ta tsiyaya a kofi. Madara ce mai zafi da hulba da zuma.

Na ce, "Gwaggo, Allah ya saka da alheri, amma madara ba ta karɓe ni ba. Ita ce babbar mai tayar min da ciwon."

Ta ce, "Madara da zuma ne za su cuce ki? Waswasi ne wannan. Da hannuna na dafa tun safe. Ki yi bismillah ki sha."

Na ce zan ajiye sai mun dawo. Ta sa kofin a kan tebur da ƙarfi, ta ce ita ba ta taɓa ba mutum abu ya mayar mata ba, in ƙyamarta nake yi in faɗa. Na juya na dubi maigidana. Yana tsaye bakin ƙofa yana juya makullin mota. Mutumin da ya san abin da madara ke yi min, wanda ya sha ganina a durƙushe ina riƙe da bango. Kalma ɗaya nake jira daga bakinsa. Sai ya ce a hankali, "Ki ɗan kurɓa mana, kada ranta ya ɓaci."

Na sha. Ba kurɓa ba, duka, don ta tsare ni da ido har na ga gindin kofin. Wannan shi ne wurin da har yau nake jin haushin kaina. Ina da shekara talatin da bakwai a duniya, na san cikina, na san abin da ke gabana, amma kunya ta fi ƙarfina.

Muka bar ƙananan wurin maƙwabciya muka tafi. Maigidana ya ce zai jira mu a mota. Na nemi kujerar bakin ƙofa kamar yadda na saba, Gwaggo ta ja hannuna har layin gaba, ta ce uwar hafiza ba ta zama a baya. Yara goma ne, 'yata ce ta bakwai. Suna zaune a jere cikin fararen kaya, ita tana ta leƙo ni tana murmushi.

Yarinya ta biyu na karatu na ji motsin farko. Na ce ba komai. A ta huɗu gumi ya jiƙe min baya, duk da sanyin na'urar da ke zauren. Na haɗe ƙafafuna, na danne cikina da jaka, ina karanta duk addu'ar da ta zo bakina. Na ce ya Allah minti goma kawai. Ana kiran ta shida na san magana ta ƙare. Ko in tashi, ko in yi abin kunyar da za a riƙa ba da labarinsa a Madina har in mutu. Na miƙe ina tsallake ƙafafun mata ina cewa afuwan, afuwan, na ruga.

Abin da ban sani ba shi ne akwai lasifika a barandar banɗakin. Ina durƙushe na ji an kira sunan 'yata. Na ji muryarta, siririya, tana rawa da farko sannan ta daidaita. Ban taɓa jin ta yi karatu mai daɗin na ranar ba. Ta gama, malamarsu ta ce uwar hafiza ta taso. Shiru. Ta sake kira. Shiru. Na yunƙura zan tashi, ciwon ya mayar da ni. A kira na uku na cusa hannun abayata a baki na cije don kada a ji kukana. Can sai na ji tafi.

Da na fito an gama. Mata sun tashi ana raba dabino da gahwa. Na hango Gwaggo da kambin a kanta, mata uku sun kewaye ta, 'yata na gefe rungume da shahadarta tana kallon ƙasa. Ina matsowa na ji Gwaggo tana cewa, "Ai ni na rufa mata asiri na hau. Kullum haka take, da an ce taro sai ta gudu hammam, ta shige banɗaki. Likitoci sun duba sun ce ma fi shai, ba ta da komai. Shagwaɓa ce, yarinyar nan ce dai abin tausayi."

Ban san lokacin da murya ta fito daga bakina ba. Na ce, "Gwaggo, ki ji tsoron Allah! Ke kika ba ni! Na ce miki ba na sha, kika tsare ni sai da na shanye. Kwana biyu ina horon cikina da yunwa saboda yau, kika zo da fulas ɗinki kika rushe komai, yanzu kuma kin ɗora abin 'yata a kanki kina ba da labarina?"

Gwaggo ta dafe ƙirji ta ce, "Ni kike ɗaga wa murya? Aib alaiki, kin ji kunya! Ni da na wanke ki da hannuna?"

Na ce, "Kin wanke ni, na gode. Amma shekara biyar ina wannan ciwo, ko sau ɗaya ba ki taɓa ce min sannu ba."

Ta ce ba za ta sake shiga motarmu ba. Na fizgi hannun 'yata muka fita.

Muna shiga mota maigidana ya juyo yana washe baki ya ce, "Mabruk! Ina Gwaggo?" Shi ma na sauke masa nasa. Na ce da baƙuwa ce ta zo kantinku ta ce madara na tayar mata da ciki, za ka ce ta ɗan kurɓa? Na ce ka zaɓi kada ran gwaggonka ya ɓaci, to ga shi ka ɓata na 'yarka. Ya tayar da mota muka kama hanya. A baya yarinyar ta fara sheshsheƙa, ni kuma wutar ba ta gama ci ba, na juya na daka mata tsawa. "Ke kuma yi min shiru!"

Ta share hawayenta. Sai ta ce da ƙaramar murya, "Asfa, Mama." Wato in yafe mata.

Na ce in yafe miki me?

Ta amsa rabi da Larabci rabi da Hausa, yadda yarana suke yi in abu ya cika musu zuciya. Ta ce ita ta jawo. Ta ce ta ji ina gaya wa Abbansu likita ya ce ɓacin rai ke tayar da ciwon, kuma kullum in sun yi surutu ina cewa kun tayar min da ciki. Ta ce da safe ta dame ni a kan gugar rigarta, ta san shi ya sa. Ta ce shekara guda ke nan ta daina gaya min in wani abu ya same ta a makaranta, har ranar da wasu yara suka yi mata dariyar launin fatarta ba ta faɗa ba, don kada in kwanta.

Na ce wa maigidana ya tsaya. Ya faka a gefen titi, na fita na koma baya kusa da ita. Gaskiya ta faɗa, ina furta wannan magana, sau nawa ma. Ni a wurina huci ne kawai na mai jin zafi. Ita kuwa ta ɗauka ta ajiye ta yi ta dako ita kaɗai. Na riƙe fuskarta na ce ciwo ne a hanjina, yana da suna, ya yi shekaru a jikina, kuma ko kina nan ko ba kya nan zai tashi ranar da ya ga dama. Na ce yau madara ce, ba ke ba ce, ba ki taɓa zama ke ba. Na gaya mata na ji karatunta daga farko har ƙarshe, na kuma faɗa mata daga inda na ji shi. Karon farko ke nan da na faɗi gaskiyar ciwona ga wani cikin 'ya'yana.

Bayan mako guda na je Sih na durƙusa na ba Gwaggo haƙurin ɗaga mata murya cikin mutane, don babba ce kuma na yi kuskure a nan. Amma maganar ban janye ba, na kuma gaya mata hakan. Ta ce Allah ya yafe mana, ta canza hira. Har yau ba ta ce ita ma ta yi laifi ba, ni kuma ba zan yi ƙaryar cewa na huce gaba ɗaya ba. Maigidana dai ya nemi afuwa, kuma daga ranar shi ke fara cewa a'a a madadina kafin in buɗe baki. Ciwon yana nan, wata rana ya bar ni, wata rana ya kayar da ni.

Abin da ranar ta koya min shi ne kunyar da za ta cuci ɗanka ba tarbiyya ba ce, tsoro ne aka yi wa ado. Mai ciwo shi ya san jikinsa, kuma yana da ikon cewa a'a ko da wa yake magana. Sannan duk ciwon da uwa ta ɓoye wa 'ya'yanta, ba ɓoyuwa yake ba. Suna gani, kuma in ba a gaya musu dalili ba, kansu za su ɗora wa laifin.