Mutum na Arba'in a Kundin Midhat

Midhat Abdel-Shahid ya san jami'o'in Turai kamar yunwar cikinsa, amma bai taɓa shiga jirgin sama ba. Shekara biyar ke nan yana fama da kundin digirin dakta a wata jami'a a kudancin Masar, yana bincike kan 'yan ƙasar da gwamnati ke turawa karatu waje su dawo. Dokar wurin kuwa ba ta da wasa. Mataimakin malamin da wa'adinsa ya cika bai gama ba, daga aji ake ɗauke shi a ba shi tebur a ofis, ya tsufa yana buga wa takardu hatimi. Midhat, wanda shi ma mataimakin malami ne, saura masa wata huɗu.

Ya yi hira da mutum talatin da tara. Kowanne ya ba shi labarin dusar ƙanƙara da ɗakin karatun da ba a rufewa, shi yana gyaɗa kai. Farfesa Nawal, mai duba aikinsa, ta ce arba'in aka rubuta a tsari, arba'in za ta karɓa.

"Ga Ra'uf nan ƙofa da ƙofa da kai," in ji ta. "Me kake jira?"

Wai Ra'uf. Ajinsu ɗaya, Midhat ya zo na ɗaya, shi na biyu. Da gurbin karatu a Sukotland ya fito Midhat aka fara kira, jarrabawar Turanci ta kayar da shi da rabin maki. Rabin maki fa, jama'a. Ra'uf ya tafi, ya dawo da mayafin ulu a wuya a garin da rana ke narka kwalta, aka ba shi ofis mai na'urar sanyi, ɗalibai na rububin riƙe masa jaka.

Ba yadda zai yi, ya je.

"Mutumina, zauna," in ji Ra'uf yana dariya. "Da Turanci zan yi maka, ko mu bar shi a namu?"

"Yi da wanda Hajiyarka ke zaginka da shi."

Midhat ya kunna na'urar ɗaukar murya yana jiran alfahari. Sai Ra'uf ya ce mahaifinsa ya rasu yana can, ta waya ya ji ana masa salla. Ya ce kan makarantar ƙauyensu ya yi rubutu, malamansa na can da ba su taɓa taka Masar ba suna gyara masa yadda Masar take. "A can ni abin tausayi ne, a nan kuma mai iyayi. Na je neman ilimi, na dawo baƙo a gari biyu." Har da hawaye.

Tausayi ya kamata Midhat ya ji. Wallahi hassada ya ji. Mutumin nan ko baƙin cikinsa ɗan ƙasar waje ne.

Ya so ya cusa hirar a can ƙarshen kundi inda ba mai dubawa. Amma babi na biyar ba shi da nama, lokaci kuma ya ƙure. Ya zuba ta ɗungurungum, ya ɓoye sunan kamar yadda ƙa'ida ta ce, ya rubuta "mutum na arba'in".

Ranar kare kundi zauren ya cika. Dangi sun zo daga ƙauye da furanni, an raba kwalayen kek da lemo, farfesoshi uku sun zauna cikin baƙaƙen riguna. Farfesan da aka gayyato daga Alƙahira ya yi wa aikin kaca-kaca.

"Ɗana, babinka na biyu kamar mai leƙen biki ta katanga ya rubuta shi."

Sai ya buɗe wani shafi, ya karanta maganar Ra'uf a fili.

"Wannan bawan Allah ne ya cece ka," in ji shi. "Ba don shi ba, da na mayar maka da kayanka."

Aka ba shi digirin, ajinsa ya tsira. Mahaifiyarsa ta rangaɗa guɗa, aka yafa masa baƙar riga. Ra'uf ya kutso cikin jama'a ya rungume shi, ya kawo baki daidai kunnensa.

"Barka, Dakta. Kada ka damu, ba wanda zan gaya wa ni ne."

Mai hoto ya ce su yi murmushi. Midhat ya yi, ya kuma ce wa Ra'uf na gode.