Mussa a Buhu Har Sarandosa

Mun tashi daga Danwarai ana idar da sallar asuba, ni da maƙwabcina da wani buhu mai motsi. Abin da ke cikin buhun mussar gidanmu ce, wadda mutanen gabas ke ce wa kyanwa. An wayi gari ne 'yan tsakin mai ɗakina bakwai sun mutu a akurki, ta ce ba ta ƙara kwana gida ɗaya da ita. Kun dai san mu ba mu kashe mussa. A buhu ake sa ta, a ƙetare gulbi a sake ta, don in ba a ƙetare ruwa ba sai ta riga mutum komawa gida. Maƙwabcina zai je gaida kawunsa, wani tsohon maharbi a Sarandosa, ya ce dajin can da faɗi. Ni da ko Jega sai in shekara ban leƙa ba, na bi shi raina ba daɗi, don shekara shida ɓera bai taɓa mini rumbu ba saboda ita.

A Aliero muka hau a-kori-kura cike da albasa, hawaye na zuba ba wanda aka yi wa mutuwa. Direba ya so ya jefa buhuna kan kaya, na ce a cinyata zai zauna. Wata tsohuwa ta tambaye ni abin da ke ciki, kafin in buɗe baki mussa ta ba ta amsa da kanta.

A tashar Jega muka sha koko da ƙosai. Hirar direbobi duk ɗaya ce: tun da aka yanke mana jiha kowa ya nufi Birnin Kebbi, kuɗin mota ya hau, amma lambar motocin har yanzu ta Sakkwato ce. Na sayi soyayyen kifi na zura wa mussa kan kifin ta bakin buhu. Da muka hau gada na ga ruwa a ƙasa, sai na ƙara rungume buhun.

Daga Maiyama kabu-kabu, wato babur ɗin haya, ya kai mu Sarandosa. Muka tarar da maharba uku, har da kawun maƙwabcina, a gindin tsamiya suna gyaran bindigoginsu na adaka. Maƙwabcina ya faɗa musu abin da ke tafe da ni, na ajiye buhu, na zuba kunne, don ashe su ma ba su gama daidaitawa a kan mussar daji ba.

Ɗaya ya ce shi harbi yake yi. Fakara da zabin daji a ƙasa suke ƙwai, muzuru ɗaya ya isa ya share 'ya'yansu a damina guda. Ya ce zamanin ubansa ba su da yawa haka, motoci ne suke kawo su a buhunhuna. Yana faɗi yana kallon nawa. Na biyu ya ce ai ɓerayen gona ma su ke rage su, kowa da amfaninsa. Shi kuwa kawun ya ce bai taɓa ɗaga mata bindiga ba, don ya san wanda ya yi, hannunsa ya kama rawa, bai ƙara samun ko zomo ba. Ya ce ta gida in aka sake ta, ko yunwar rani ta kashe ta, ko ta haifi waɗanda ba su san mutum ba.

Sai ya juyo gare ni. "Ɗana, tsakin nan, nawa ta ci?"

"Ko ɗaya, Baba. Duk suna nan kwance, an cije musu wuya."

"To ka wahal da baiwar Allah banza. Mussa ɗaya take ɗauka, ta ɓuya ta cinye. Mai kisa ya bari, tunku ne. Koma ka duba bayan akurki, akwai rami."

Mai harbin ya yi dariya ya ce, "Ɓarawo na gida yana barci, mai gadi ya sha gudun hijira."

Aka ba mu fura muka sha, na ɗauki buhuna. Wannan karon da muka ƙetare gada ni ne nake wa direba hira.

Mun iso gida bayan la'asar. Mai ɗakina ta ga buhu yana motsi, ta ɗaure fuska. Na ja ta bayan akurki, muka ɗaga tsohuwar tabarma. Ga rami nan, hannu zai shiga, da gashin tsako a bakinsa.

Abin da tafiyar ta koya mini shi ne, mu mutanen gida muna zubar da damuwarmu a daji ne muna zaton ba na kowa ba ne, alhali akwai masu zama da ita. Kuma tambaya ɗaya da ban yi a tsakar gidana ba, sai da na ƙetare gulbi aka yi mini.

Mai ɗakina ba ta ba kowa haƙuri ba. Amma da na toshe ramin na dawo, na tarar da nono a sakaina a bakin murhu, mussa tana lasa.