Rabin Ƙwaya

Na yi aikin koyarwa har na kai shugaban makaranta a Azare, kuma tun ina aiki har na yi ritaya ban taɓa zuba ido wani nawa ya wulaƙanta ba. Saboda haka da ƙanena, mai noma da sayar da hatsi a Chinade, ya fara ramewa, gudawa ta ƙi tsayawa, ni na kai shi asibiti aka ɗebi jininsa. Likita ya ce ƙanjamau ne. Ya bayyana mana cewa ƙwayar cutar tana shiga cikin dakarun da ke tsaron jini, ta hayayyafa a cikinsu, ta kashe su. Magani ba ya korarta, danne ta yake yi, muddin ana sha kullum. Ya kuma ce a kawo matarsa a gwada, tun da ana ɗauka ta hanyar auratayya.

Ƙanena ya amsa da to. A hanya kuwa ya ce mini matarsa ba za ta zauna a layin karɓar magani ba, inda 'yan acaɓan Chinade ke sauke mutane suna lura da fuskoki. Na nuna masa kuskurensa, ya ce zai duba.

Magani ya karɓe shi. Duk wata yakan zo ya karɓi kwalbarsa, ya biyo ta gidana ya ci tuwo, har ya riƙa tsokanata: "Yaya, yanzu fa na fi ka kumatu. Ashe fanshon naku ba ya sa ƙiba." In na tambayi iyali, sai ya ce lafiya lau.

Bayan shekara da wani abu ramar ta dawo, tari ya biyo baya. Aka auna yawan ƙwayar cutar a jininsa, aka tarar ta yi sama. Likita ya tambaye shi ko yana tsallake sha, ya rantse rana ba ta taɓa faɗuwa bai sha ba. Da aka matsa masa, sai ya sunkuyar da kai.

"Likita, ko tuwo ban taɓa ci na bar matata ba. Ta fara ƙuraje da zazzaɓi irin nawa. Sai in warke ina kallonta? Raba ƙwayar maganin nake yi, rabi ni, rabi ita."

Likita ya ce rabin ƙwaya ba ya danne cutar, saba mata da maganin yake yi har ta daina jinsa, kuma mai yiwuwa haka ta faru a jikinsu su biyu. Aka sauya masa magani, amma tarin fuka ya riga ya cinye huhunsa. Bai ga girbin shekarar ba.

Saura matar. A al'adarmu akwai kunya tsakanin wan miji da matar ƙane. Tun da aka kawo ta gidan ba ta taɓa ɗaga ido ta dube ni ba. Duk da haka na tsaya a ƙofar ɗakinta, labule tsakaninmu, na gaya mata abin da likita ya ce. Na ƙara da cewa addini bai hana mai takaba fita neman magani ba.

Ta ce, "Yaya, in na je yanzu, duk garin nan zai san abin da ya kashe shi. Ya rufa mini asiri yana raye. A bari in gama takaba."

Na aika matata da mota, ta dawo ita kaɗai. Na sake aikawa da malamin unguwarsu, ta gaishe shi da ladabi, ba ta fito ba.

Ranar da ta fita takaba, a tabarma aka ɗauko ta zuwa mota. Aka gwada, aka tabbatar, aka fara ba ta magani mai ƙarfi. Likita ya ja ni gefe ya ce dakarun jininta sun kusa ƙarewa, ba lallai ne maganin ya sami abin da zai gina a kai ba. Ba ta cika mako biyu a gadon asibiti ba. A Azare muka yi mata sutura.