Ni Ce 'Yar Mai Sharar Gada

Shekara tara ke nan da rasuwar babana, Malam Isyaku magini, amma har yau in na zo wuce gadar dutsen nan ta bayan unguwarmu sai na sunkuyar da kai.

Ga wanda bai san ta ba, ƙaramar gada ce mai ƙofa uku a tsohuwar hanyar Makka, gabas da Jidda. Tsofaffi sun ce sojan Turkawa ne suka gina ta don raƙuman da ke ja musu igwa. Kwalta ta daɗe da kauce mata. Ƙarƙashinta busasshen kwari ne, sai a shekara biyu ba a ga ruwa ba, shi ya sa kowa ya mai da wurin bola. Baba kuwa duk Juma'a in an sauko masallaci, sai ya naɗe wando, ya ɗauki shebur da baro, ya shiga kwasar tsummoki da gwangwanaye da mushen kyanwa. Ba baladiyya, wato hukumar gari, ce ta sa shi ba, mutumin da ko iƙama, takardar izinin zama, ba shi da ita. In an tanka masa ya ce, "Wanda ya jera duwatsun nan ba mahaukaci ba ne. Ba a yi wa ruwa ƙofa sai an taɓa ganin zuwansa."

Ina 'yar shekara sha biyu, wata Juma'a muka biyo ta nan daga kanti, ni da wasu 'yan mata Larabawa biyu da na daɗe ina neman shiga cikinsu. Baba ya ɗago daga ramin, ƙafa duk ƙazanta, ya washe baki: "Hajara, uwata, ina aka je?" Ɗayar ta toshe hanci ta ce, "Hada abuki? Babanki ne?" Na ce, "La wallahi, wani tsoho ne a layinmu." Har da rantsuwa. Kuma ya ji. Ya mai da kai ƙasa ya ci gaba da aikinsa. Da muka zauna cin abinci, ya tsamo min tsokar miyarsa kamar kullum. Bai taɓa tada zancen ba, ni ma ban taɓa neman gafararsa ba. Kullum sai in ce gobe.

Bayan ransa babu wanda ya ƙara ɗaukar shebur ɗin. Wani ya toshe ƙofa ɗaya da bulo ya zuba awaki. Ni kaina da na yi aure na haihu, can nake jefa ledar ƙunzugu. Abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai gani ba. Safiyar da ambaliya ta zo, ruwan ya iske ƙofarsa a rufe, ya juyo cikin gidajenmu. A saman katanga na tsaya, Nusaiba a ƙirjina, jariri a baya, ina kallon katifarmu tana tafiya. Allah ya tsare rai a gidanmu, ba kowane gida ba. Gadar ko dutse ɗaya bai gusa ba.

Nakan tambayi kaina, da Baba ya ga ranar nan me zai ce? Na san shi, ba zai ce ai na faɗa muku ba. Cewa zai yi, "Yalla, ina baron?"

Tun daga nan, ko hadari kaɗan na gani sai in tuna da ƙofofin gadar. Ni nake shiga ramin yanzu duk Juma'a, da niƙabina, kuma ba zan ɓoye muku ba, ina jin daɗin niƙabin. Makon jiya Nusaiba, da ta kai shekara bakwai, ta biyo ta kan gadar da ƙawarta. Na ji ƙawar ta ce, "Wace ce waccan a cikin shara?" Shebur ya tsaya a hannuna. Fuskata a rufe take, da Nusaiba ta ce ba ta san ni ba, babu mai ƙaryata ta.

Sai ta ce, "Ummina ce mana. Ummi, in kin ga ƙwallona a ciki ki jefo min!"

Na zauna a kan dutse na yi kukan da ban yi ba ranar jana'iza. Halinka ta ɗauko, Baba, ya tsallake ni. Abin da ya rage min shi ne in faɗa inda kowa zai karanta: tsohon nan babana ne. Ni ce Hajara, 'yar Isyaku mai sharar gada. Allah ya jiƙan ka, ya sa ka yafe min tun a ranar.