Karsanar da ta kayar da yayana

Yayana bai taɓa riƙe muƙami ba, amma duk garinmu, can arewa da Dakoro, an san ƙofar da ake bugawa in shanu sun shiga gona. Shi ya yi ta yawo da tsohon babur tsakanin manoma da makiyaya, damina bayan damina, har aka yarda aka kafa duwatsu gefen burtali, hanyar da dabbobi ke bi su sauka rijiya. Gonarmu ta gado ita aka fara yanke wa gefe. Inna ta yi kwanaki ba ta amsa gaisuwarshi ba.

Da aikin ya ƙare, wani dattijon Bafillace ya koro mashi jar karsana, habbanaye. Wanda bai san abin ba sai ya ɗauka kyauta ce, alhali aro ne na zumunci: ka riƙe ta, ta haihu a hannunka, 'ya'yan naka, uwar ka mayar. Kuma ba a mayar da ita kafin ta haihu, sai in so kake ka ce wa mai ita ba ka buƙatarshi.

Da zaɓen meri, wato ƙaramar hukuma, ya matso, mutanen garin da ƙafarsu suka zo suka ce ya tsaya konseye, wato kansila. Ni ce na ba su ruwa, shi ya sa nake da bakin magana. Bai so ba. Abin da ya ja shi ɗaya ne: dutse ba ya magana, in babu mai tsaya wa burtali a meri, duk wanda ya ga dama sai ya tumɓuke. Wata ƙaramar jam'iyya ta ɗauke shi, aka shiga kampan, yawon neman ƙuri'a.

Abokin karawarshi dillalin hatsi ne, mai faɗin gona dab da burtali. Wallahi bai taɓa zagin yayana ba. In sun gamu a kasuwar Dakoro sai ya riƙe hannunshi gaban jama'a, yana murmushi, ya ce, "Malam, ya karsana? Tana ƙiba?" Shi ke nan. Kafin mako ya zagayo, karsana ta zama uku a bakin mata wajen daka, ta zama garke a bakin maza. An ce yayana ya sayar da gonakin mutane don a ba shi shanu. Har waɗanda suka san habbanaye tun kakanninsu suka yi kamar yau suka fara jin sunan.

Na samu yayana yana ba karsanar ƙaiƙayi. Na ce, "Yaya, don girman Allah ka mayar da ita. Bayan zaɓe ka karɓo."

Ya ce, "In ce wa dattijon me?"

"Ka ce mashi siyasa ce!"

"To ai shi bai ara wa siyasa ba, ni ya ara wa."

Kai, taurin kan mutumin nan! Na yi faɗa, na yi kuka, na turo inna, a banza. Ya ce makiyaya ma suna da ƙuri'a. Suna da ita kam, amma zaɓen ya faɗo bayan girbi, sun riga sun gangara kudu da dabbobinsu, katinsu kuma na rumfar zaɓen garinmu ne. Wa zai bar garke ya dawo don dangwala yatsa? Ranar zaɓe matan da muke adashi tare suka riƙa kau da kai in mun haɗa ido a layi. Tun nan na san sakamako. Ko kujera ɗaya jam'iyyar ba ta samu ba, dillali ya zama konseye.

Kafin ruwan shuka duwatsun suka fara ɓacewa. Na ga biyu da idona ƙarƙashin rumbun wani maƙwabcinmu. Aka shuke burtali kaf. Da makiyaya suka dawo, shanu suka tarar da gero inda suka saba bi, suka kuwa bi ta ciki.

Wata rana da hantsi mutane suka cika ƙofarmu, ana cewa an zaro sanduna bakin rijiya, an fasa wa wani kai. Maƙwabcin nan mai rumbu shi ne a gaba. Ya ce, "Malam, taso, kai kaɗai suke jin maganarka." Ko kunya!

Ina bayan zana ina addu'a a raina, Allah sa ya ƙi, su ɗanɗana. Shekara da shekaru nake son in ji ya ce a'a. Yana zaune kan tabarma, takalmanshi na gefe. Ya dubi takalman, bai taɓa su ba. Sannan ya ce, a hankali, "Ku je wurin konseye."

Suka tsaya kaɗan, suka watse. Na jira daɗin ya zo mini, bai zo ba. Daga inda muke ana jin ihun bakin rijiya, shi kuma ya juya fuska bango ya kwanta, da hantsin nan, mutumin da ban taɓa ganin ya kwanta da rana ba.