Jar Motar Yayana da Tsofaffin Tayoyinta

Abubuwa da yawa sun same ni a rayuwa sun wuce, na manta da su, har da waɗanda a lokacin na ɗauka duniya ce ta tsaya. Amma ranar da na tsaya a bakin hanyar Doka riƙe da waya ina auna wa yayana gudun motarsa, wannan kam ba za ta fita daga raina ba har in koma ga Allah.

Ni makaniki ne a Gadarif. A lokacin ina da 'yar warsha tawa, wato gareji, a unguwar masu gyara, kuma aikina bai wuce tarakta da lori da boksin manoma, wato a-kori-kura, ba. Idan damina ta kusa, taraktoci ne suke cika min ƙofa. Idan an yanke riɗi da dawa, sai lorori su karɓe su. Ana kirana Usta, wato gwanin sana'a, ina jin daɗin sunan, amma a raina ina ganin hannuna ya fi ƙarfin abin da nake taɓawa.

Wanda nake kira yayana ɗan baffana ne, ya girme ni da shekara biyu. Gida ɗaya muka tashi, kwano ɗaya muka ci. Ya tafi aiki ƙasashen Larabawa ya daɗe, sai wata shekara bayan kaka ya dawo hutun wata uku, ya zo da mota. Ban taɓa ganin irinta ido da ido ba. Ja ce, ƙofa biyu, ta kwanta ƙasa kamar za ta lashi zalat, wato kwalta. Ba sabuwa ba ce, hannu biyu ko uku ta wuce kafin ta zo nasa, amma ranar da ya shigo da ita layinmu har masu walda sai da suka kashe wuta suka zo kallo.

Ya jefo min makulli ya ce, "Usta, ga amarya na kawo maka. A can sun ce ta tsufa. Ni na ce musu ina da ƙane a Gadarif."

Wannan maganar ta shige ni sosai. Na ture lorin wani mutumin Mafaza gefe, na buɗe kan motar, ban ɗago ba sai da aka kira la'asar.

Aikin farko na gyara ne kawai. Na sauke lagireto na wanke, domin zafin garinmu ba ya wasa da inji. Na canza fulogi, na wanke nozul, na zuba sabon mai, na sa sabon faifan kuloci. Na ɗan ɗaga ta kaɗan, don kada ramukan unguwa su fasa mata ciki. Da an tsaya nan da ba ni da labarin da zan ba ku. Amma muka fitar da ita gwaji, kuma daga gwaji ne cutar ta kama mu.

A hanyar Doka, bayan an bar gari, akwai wani wuri miƙaƙƙe tsakanin kwalbati biyu. Muka auna da agogon motar muka ga kilomita ɗaya ne. Yaya zai tsaya a kwalbatin farko, ni ina na biyu, ya kira ni a waya ɗaya ya ce "yalla", wato mu je, ni kuma in danna agogon ɗaya wayar. Mu a nan sakan "saniya" muke ce masa, yadda yake a Larabci. Ranar farko ta yi saniya talatin da huɗu. Ya fito yana dariya ya ce, "Wannan ai tafiyar Hajiya ce zuwa kasuwa. Ƙasa da talatin nake so."

Daga nan muka shiga canje-canje. Na cire salansar asali na haɗa mata mai faɗi, ta koma tana ruri har tumaki suna watsewa. Na sa mata babbar matatar iska. Muka cire kujerar baya da safaya da jak, har da kafet, don ta yi sauƙi. Wani masanin kwamfutar inji ya zo daga Khartoum ya taɓa mata lissafin mai. Duk abin da muka canza sai mu koma kwalbati mu auna, in rubuta da alli a bangon warsha. Talatin da uku. Talatin da biyu. Talatin da ɗaya da ɗan wani abu. Na daina kula da sauran aiki. Mutumin Mafaza ya gaji ya zo ya ja lorinsa zuwa wani wuri, ko kunya ban ji ba.

Wata rana na cire ƙafafun motar don in duba burki, sai na juya taya ɗaya a hasken rana. Daga nesa lafiya lau take, zanenta bai cinye ba. Amma gefenta duk ƙananan tsaga ne, kamar ƙasar gona idan ta bushe. Na duba lambar shekarar da aka buga a jiki, na ga sun tsufa ƙwarai. Duka huɗun haka suke. Sun sha ranar can, sun zo sun sha tamu.

Muna zaune mu biyu muna shan jabana, wato gahawa, na ce, "Yaya, tayoyin nan sun mutu. Ba za su ɗauki gudun da muke nema ba."

Ya ce, "To a saya mana."

Na ce, "Irin faɗinsu babu a Gadarif. Na tambaya. Sai an aiko daga Khartoum, kuma an ce sati biyu ko uku."

Ya kurɓi kofinsa ya ce, "Sati uku ina jirgi. Sun kawo ni tun daga Port Sudan ba su ce komai ba, kilomita ɗaya ce za ta gagare su? Kai dai ka ba ni saniya biyun nan da suka rage."

Ni kuma na yi dariya na ce, "Khalas, shi ke nan, za mu gani."

Wannan ita ce duk maganar da muka yi a kan tayoyin. Sau ɗaya, a cikin raha, ba mai shaida. Na mayar da su da hannuna, na ɗaure notuna, na koma kan inji.

Dole in faɗi abin da ya sa. Akwai ɗan wani babban ɗan kasuwar hatsi da yake da sabuwar jif. Wata rana a wurin mai shayi ya ce a gaban mutane, wai mu Fallata, sunan da suke kiran Hausawa da shi a nan, tarakta kawai muka sani, wai in bar motar mutane kada in mayar da ita injin niƙa. Aka yi dariya. Daga ranar na fi Yaya son ganin ta sauka ƙasa da talatin. Ina so a ce a Gadarif, a warshar Bahaushe, aka yi abin.

Ranar Juma'a ta ƙarshe kafin tafiyarsa muka shirya fita da sassafe, lokacin da zalat take da sanyi. Sai ga lorori ɗauke da leburorin gona suna ta wucewa ɗaya bayan ɗaya, muka zauna jira. Kafin hanya ta yi fili hantsi ya ɗaga, rana ta fara cizo. Mutum biyar ko shida sun biyo mu kallo.

Gudu na farko, talatin da 'yan kai. Na biyu, talatin cif. Ya tsaya kusa da ni ya sauke gilashi, gumi na zuba. Na ɗora tafin hannuna a kan tayar baya, sai da na janye don zafi. Wallahi na buɗe baki zan ce ya isa haka. Sai ya ce, "Usta, sau ɗaya. Ɗaya tak, mu tafi masallaci."

Na ce, "Ka riƙe giya ta uku ta ɗan daɗe kafin ka canza."

Abin da na faɗa masa ke nan. Na ba shi shawarar yadda zai ƙara gudu.

Na ji "yalla" a kunnena, na danna. Na hango ta tana tahowa, ƙaramar ja a tsakiyar hanya, rurin yana ƙaruwa. Saura kaɗan ta iso ni sai na ji ƙara kamar an harba bindiga. Bayanta ya karkace, ta juya gefe, ta bar hanya, ta bugi gefen kwalbatin. Na ga cikinta a sama. Ta wuntsila sau biyu ko uku a cikin karan dawa, ta tsaya a kife. Sai shiru. Ban san lokacin da na isa wurin ba. Na dai tuna warin fetur, da hannunsa da ya leƙo ta taga, da yadda muka jawo shi mu huɗu muka ɗora a bayan boksi. Babu wanda ya san ba a ɗaukar mai ciwon baya haka.

Bai farfaɗo sosai ba sai washegari da rana. Muna tsaye a kansa, ni da Baffa da Inna, mahaifiyarsa. Ya buɗe ido ya neme ni, ya ce da ƙyar, "Saniya nawa?"

Inna ta fashe da kuka ta ce, "Wayyo, kansa ya taɓu. Wace saniya kuma, ɗan nan? Mu da ba mu da ko akuya?"

Ni kaɗai na san abin da yake tambaya. Ban tsayar da agogon ba. Na ce, "Yaya, ka huta." Bayan kwana biyu likita ya kira Baffa gefe ya gaya masa ƙashin baya ya karye, ƙafafun ba za su sake ɗaukarsa ba.

Baffa mutum ne mai haƙuri, bai taɓa ɗaga min murya ba tun ina ƙarami. Shi ya riƙe ni bayan rasuwar mahaifina. Sai da aka kwana goma, bayan ya je da kansa ya ga gawar motar, wani mai faci ya nuna masa tayar, sannan ya kira ni gaban gadon. Ya ce, "Ɗana, tambaya ɗaya zan yi maka. Ka san tayoyin nan sun lalace?"

Na ce, "Na sani, Baffa. Na gaya masa."

Baffa ya juya wurin Yaya. Yaya ya juya fuskarsa bango ya ce, "Ni bai gaya min ba."

Na ce, "Yaya, ranar da muke shan jabana! Ka ce sun kawo ka daga Port Sudan!" Bai juyo ba. Baffa ya ɗaga min hannu ya ce, "Ya isa. Ko ka faɗa ko ba ka faɗa ba, wa ya ɗaura su?" Sannan ya ce, "Je ka, Allah Ya isar mana da abin da Ya ƙaddara."

Labari ya zaga kasuwa kafin in isa gida. Aka ce na ɓoye masa. Wasu suka ce da gangan na yi don hassada, wai shi ya fita waje ni ina nan cikin baƙin mai. Matarsa ta daina amsa gaisuwata. Inna, wadda ta yi min wanka ina yaro, ta ce kada in sake shiga ɗakinta, kuma ban sake ba sai ranar da aka fito da gawarta. Manoman da suka saba kawo min tarakta suka koma wani layi. Na shekara biyu ina gyaran raksha, wato keke mai ƙafa uku, kafin mutane su fara dawowa.

Na daɗe ina jin haushinsa. Ina kwana ina tashi da kalmomin nan biyar da ya faɗa yana kallon bango. Har yau ban san ko mantawa ya yi saboda buguwar kai ba, ko kuwa ya kasa ɗaukar laifin ne a gaban iyayensa bayan ya rasa ƙafafu. Ban tambaye shi ba, shi ma bai taɓa tayar da maganar ba. Yanzu yana zaune a keken guragu a shagon Baffa a kasuwar hatsi, shi yake kula da awo. Idan na wuce mukan gaisa. Yana ce min Usta, ina ce masa Yaya, sai kowa ya kama gabansa. Kwano ɗaya kam ba mu sake ci ba.

Sai da na manyanta na yarda cewa tambayar Baffa ita ce gaskiyar maganar. Ƙaryar da Yaya ya yi min ta yi ciwo, amma ba ta wanke ni ba. Shi mai mota ne, yana son motarsa. Ni ne na san abin da tsagar nan take nufi, ni na taɓa tayar na ji zafinta, kuma ni na ƙara wa injin ƙarfin da ya fi ƙarfinta. Na faɗa sau ɗaya don in sauke nauyi daga kaina, sannan na ci gaba da aikin saboda ina son a yabe ni.

Abin da na koya shi ne, idan kai ne ka san haɗarin abu, faɗa da baki kawai ba ya fitar da kai. Sai ka ƙi yi, ko da mai abin zai yi fushi, ko da ɗan'uwanka ne. Yau idan na ga abin da zai iya kashe mutum a motarsa, ba na ɗaura mata ƙafa sai an gyara. An zage ni a kan haka, wasu sun ja motarsu da igiya sun tafi. Nakan tsaya in kalle su har su fita layi, domin gara mutum ya bar warshata yana zagina da ƙafafunsa biyu.